Shari'ar Robert Brockman: Yadda rashin lafiya ta shiga tsakanin attajiri da hukumar haraji

Robert Brockman ɗan kasuwa ne Ba'amurke, mazaunin birnin Houston na jihar Texas, wanda gwamnatin ƙasarsa ta gurfanar a watan Oktoba na 2020 bisa zargin ɓoye wa hukumar haraji kuɗin shiga da ya kai kimanin dala biliyan 2, wato sama da miliyar dubu ɗaya na kuɗin sefa. Masu gabatar da ƙara sun ce a tarihin Amurka ba a taɓa tuhumar mutum guda da ɓoye dukiya mai yawan haka don kauce wa haraji ba. Brockman ya musanta zargin baki ɗaya.

Sai dai ba a kai ga sauraron ainihin shari'ar ba. Lauyoyinsa sun shaida wa kotu cewa yana fama da ciwon Parkinson da kuma cutar mantuwa, har ta kai ba zai iya kare kansa ba. Gwamnati kuwa ta ce yana ƙara wa ciwon gishiri ne don ya tsira. An shafe fiye da shekara ɗaya da rabi ana jayayya a kan ƙwaƙwalwarsa, kafin alƙali ya yanke cewa zai iya fuskantar shari'a. Ya rasu ranar 5 ga Agusta, 2022, yana da shekara 81, wata shida kafin lokacin da aka tsayar don fara zaman. Rasuwarsa ta rufe tuhumar laifi, amma bashin da hukumar haraji ke bin sa ya koma kan dukiyar da ya bari.

Wane ne Robert Brockman

An haife shi a 1941 a jihar Florida. Ya yi aiki da kamfanin motoci na Ford, daga nan ya koma IBM yana sayar da ayyukan kwamfuta. A 1970 ya kafa nasa kamfanin a Houston, mai suna Universal Computer Systems, wanda ke ƙera manhajar da dillalan motoci ke amfani da ita wajen lissafin kaya, kayan gyara, bashi da albashin ma'aikata. Kasuwa ce da jama'a ba su cika lura da ita ba, amma tana da riba, domin dillalin da ya ɗora dukan harkarsa a kan manhaja guda ba ya saurin sauya ta.

A 2006 kamfaninsa ya haɗe da Reynolds and Reynolds na birnin Dayton a jihar Ohio, a cinikin da ya kai dala biliyan 2.8. Sabon kamfanin ya ci gaba da amfani da sunan Reynolds and Reynolds, Brockman kuma ya zama shugabansa. An san shi da ƙin shiga jarida, da tsananin bin diddigin duk wani abu da ya shafi kamfanin, da kuma ba da gudummawa mai tsoka ga manyan makarantu irin su Jami'ar Rice da Kwalejin Likitanci ta Baylor, dukansu a Houston.

Abin da aka zarge shi da shi

Takardar tuhumar da aka bayyana a San Francisco ranar 15 ga Oktoba, 2020, tana ƙunshe da laifuka 39. Daga ciki akwai kauce wa haraji, zamba ta hanyar sadarwa, halatta kuɗin haram, ƙin bayyana asusun ajiya na ƙasashen waje, da lalata hujjoji. Ba a tuhumi kamfanin Reynolds and Reynolds da kansa ba. An ba da belin Brockman a kan dala miliyan 1.

Tushen zargin yana cikin wata ƙa'ida ta dokar Amurka: ɗan ƙasa yana biyan haraji a kan duk abin da ya samu, ko a wace ƙasa ya same shi. Haka kuma wajibi ne ya sanar da hukuma a kowace shekara idan yana da iko da asusun waje da jimillar kuɗin cikinsu ta wuce dala 10,000. Dala biliyan 2 da ake magana a kai riba ce da aka ce an ɓoye cikin kusan shekara ashirin. Harajin da ya kamata a biya a kanta wani kaso ne na wannan adadi.

A cewar masu gabatar da ƙara, an ajiye ribar ne a ƙarƙashin wani asusun amana da aka kafa a tsibirin Bermuda da sunan mahaifinsa, A. Eugene Brockman, tare da jerin kamfanoni a Bermuda da tsibirin Nevis, da asusun banki a Bermuda da Suwizalan. Asusun amana wani tsari ne da mutum ke miƙa dukiya ga amintattu su riƙe ta don amfanin wasu. Idan da gaske dukiyar ta fita daga hannunsa, harajinta ba ya kansa. Idan kuwa shi ne ke juya ta ta bayan fage, doka tana ɗaukar ta a matsayin tasa. Nan ne gardamar take. Ɓangaren Brockman ya ce asusun yana cin gashin kansa. Gwamnati ta ce amintattun suna ne kawai, duk wani umarni daga Houston yake fitowa.

Takardar tuhumar ta ce an yi amfani da kuɗin wajen sayen wani jirgin ruwa na alfarma da gidaje da filaye a jihar Colorado. Ta kuma ce an riƙa rubuta takardu ana sa musu kwanan watan baya, an kuma yi ta aika saƙonni ta wata hanyar imel mai kulle, inda kowa ke da sunan ɓoye. Da yake Brockman mai sha'awar kamun kifi ne, sunayen duk na kifaye ne: shi ne Permit, mai kula masa da asusun kuma Redfish. Hukumar haraji ta ƙasa, wato IRS, ana kiran ta da kalmar da ke nufin "gidan". Akwai kuma wani zargi na daban, cewa ya sayi takardun bashin kamfaninsa na kusan dala miliyan 68 a ɓoye, alhali yana da bayanan da sauran masu zuba jari ba su da su.

Shaidu biyu daga cikin gida

Ƙarfin ƙarar ya dogara ne a kan mutum biyu da suka yi hulɗa da shi shekara da shekaru. Na farko shi ne Evatt Tamine, lauya ɗan Ostareliya da ke zaune a Bermuda, wanda ya daɗe yana tafiyar da asusun amanar. A watan Satumba na 2018 'yan sanda suka binciki gidansa a Bermuda, suka kwashe takardu da na'urori. Bayan haka ya amince ya ba masu bincike na Amurka haɗin kai, aka yi masa alkawarin ba za a yi amfani da bayanansa a tuhume shi ba.

Na biyu shi ne Robert F. Smith, wanda ya kafa kamfanin zuba jari na Vista Equity Partners a 2000, kuma ɗaya daga cikin baƙaƙen fata mafi arziki a Amurka. Da kuɗin da ke da alaƙa da Brockman aka buɗe asusun jarin Vista na farko, kuma daga ribar wannan jari ne akasarin dala biliyan 2 ɗin ta fito. Smith ya amsa cewa shi ma ya ɓoye nasa kuɗin shigar a waje. Ya sasanta da gwamnati, ya yarda ya biya dala miliyan 139 na haraji da tara, ya kuma ɗauki alkawarin taimaka wa bincike. A kan haka ba a gurfanar da shi ba.

Yadda maganar ciwo ta shigo

Tun kafin a bayyana tuhumar, lauyoyin Brockman sun sanar da ma'aikatar shari'a cewa ƙwaƙwalwarsa ta fara raunana. A watan Nuwamba na 2020 ya sauka daga shugabancin kamfanin. A farkon 2021 aka mayar da shari'ar daga San Francisco zuwa Houston, inda yake zaune kuma inda likitocinsa suke, ta koma hannun alƙali George C. Hanks na kotun tarayya.

Babu wanda ya yi jayayya cewa yana da ciwon Parkinson. Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke sa kakkarwar hannu, sandarewar gaɓoɓi da nauyin tafiya, tana kuma ƙaruwa a hankali. Wasu masu ita sukan kamu da cutar mantuwa bayan shekaru, wasu kuma hankalinsu yakan zauna daram har ƙarshen rayuwa. Cutar mantuwa kanta hawa-hawa ce. Akwai matakin da mutum ke manta suna ko inda ya ajiye makulli amma yana gudanar da harkokinsa, akwai kuma matakin da ba ya iya bin zance ko gane 'yan gidansa. Tambayar da ke gaban kotu ita ce a wane mataki Brockman yake.

Amsar ba ta da sauƙi ko ga likitoci. Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna inda ta samu lahani, amma ba ya faɗin iyakar abin da mai ita zai iya yi da ita. Gwajin tunani kuma, na tambaya da amsa, yana buƙatar wanda ake gwadawa ya yi iya ƙoƙarinsa. Saboda haka masana suka ƙirƙiro wasu gwaje-gwaje na musamman da ke kama mai ƙin yin ƙoƙari: tambayoyi ne da suke kama da masu wuya amma ko mai ciwo sosai yakan ci yawancinsu. Wanda ya faɗi ƙasa da abin da ko mai cinta zai samu, ya jawo wa kansa zargi. Ga shi kuma yanayin mai irin wannan ciwo yana sauyawa daga rana zuwa rana, musamman idan wata cuta ta shigo. An kwantar da Brockman a asibiti fiye da sau ɗaya a 2021, kuma lauyoyinsa sun ce kowane kwanciya ya ƙara rage masa tunani.

Ma'aunin da kotu ke amfani da shi

A dokar Amurka ba a yi wa mutum shari'ar laifi idan ba ya cikin halin da zai iya kare kansa. Kotun Ƙoli ce ta shimfiɗa ma'aunin a 1960, a shari'ar Dusky. Sharuɗɗa biyu ne: wanda ake tuhuma ya fahimci abin da ake yi da shi a kotu da abin da zai iya biyo baya, kuma ya iya tattaunawa da lauyansa cikin hankali don su shirya kariya.

Wannan ma'auni yana duba halin da mutum yake ciki ne a lokacin shari'a. Daban yake da hujjar taɓin hankali, wadda ke duba halinsa a lokacin da aka ce ya aikata laifin. Sunan cuta kaɗai ba ya wadatarwa. Mutum na iya riƙe takardar likita mai nuna yana da cutar mantuwa, kotu ta ce duk da haka ya cika sharuɗɗan biyu. Idan kuwa aka same shi bai cika ba, ba a wanke shi. Ana dakatar da shari'ar ne, a duba ko magani zai dawo da shi, tuhumar tana nan a rataye.

Lauyoyin Brockman sun ƙara da wata hujja: wannan shari'a ba ta satar akuya ba ce. Ta ƙunshi takardu masu ɗimbin yawa da hada-hadar kuɗi ta shekara ashirin a ƙasashe da dama. Mutumin da ba ya iya tuna me ya sa aka rubuta wata takarda shekaru goma sha biyar da suka wuce, in ji su, ba shi da abin da zai taimaki lauyansa da shi.

Zaman kwana takwas da hukuncin alƙali

A watan Nuwamba na 2021 kotu ta yi zaman kwana takwas a kan wannan batu kaɗai. Kowane ɓangare ya kawo ƙwararrunsa: likitocin jijiya, likitocin taɓin hankali da masana gwajin tunani. Na ɓangaren Brockman sun ce cutar ta yi nisa kuma ba ta warkewa. Na gwamnati sun yarda akwai rauni, amma suka ce sakamakon da yake samu a ɗakin gwaji bai yi daidai da rayuwarsa ta waje ba.

Hujjar da ta fi tasiri ba daga asibiti ta fito ba. Gwamnati ta jera kwanakin da likitoci suka rubuta cewa tunaninsa ya yi ƙasa ƙwarai, ta ajiye su gefe da gefe da abin da ya yi a daidai waɗannan watanni. A 2019 ya ba da doguwar shaida bisa rantsuwa a wata ƙarar kasuwanci da ta shafi kamfaninsa, yana amsa tambayoyin lauyoyi dalla-dalla. Akwai faifan bidiyo na jawaban da ya yi wa ma'aikata. Akwai saƙonnin imel da ya rubuta a kan harkokin kamfani. Kuma ya ci gaba da shugabantar kamfani mai dubban ma'aikata har bayan an tuhume shi. Masu gabatar da ƙara sun kuma ja hankalin kotu ga lokacin da ya fara neman a duba ƙwaƙwalwarsa sosai, wanda ya zo dab da binciken da aka yi a gidan Tamine, da kuma kasancewar wasu daga cikin likitocin da suka fara duba shi suna aiki ne a cibiyar da ya daɗe yana ba gudummawa.

Ranar 23 ga Mayu, 2022, alƙali Hanks ya yanke hukunci. Ya amince Brockman tsoho ne mai ciwo na gaske, amma ya ce hujjoji sun nuna yana zuzuta alamomin ciwon don kauce wa shari'a, kuma zai iya fahimtar tuhumar ya taimaki lauyoyinsa. Aka sa watan Fabrairu na 2023 don fara sauraron ƙarar. Lauyoyinsa sun koma kotu suna cewa jikinsa ya ƙara tsanani, har an mayar da shi ga kulawar da ake yi wa marar lafiyar da aka fid da rai da shi, a gida. Makonni kaɗan bayan haka ya rasu.

Rasuwar ta sa wasu suka ce alƙali ya yi kuskure, wasu kuma suka ce abu biyun na iya zama gaskiya a lokaci guda: mutum ya kasance da ciwon da zai kashe shi, kuma ya kasance ya ƙara wa alamominsa nauyi a gaban masu gwaji. Hukuncin dai ya tsaya ne a kan halin da yake ciki lokacin da aka duba shi.

Bashin da ya rage

Da zarar wanda ake tuhuma ya rasu, shari'ar laifi ta faɗi, domin ba a hukunta mamaci. Brockman ya bar duniya ba tare da wata kotu ta same shi da laifi ba. Amma rigimar haraji ƙafa biyu take da ita. Ɗaya ta laifi ce, mai kai mutum kurkuku. Ɗaya kuma ta kuɗi ce, mai neman a biya harajin da tara da kuɗin ruwa. Ta biyun ba ta buƙatar mai bashin ya kasance da lafiya, ba ta ma buƙatar ya kasance da rai.

Tun a watan Satumba na 2021, ana tsakiyar gardamar lafiyarsa, IRS ta ɗauki wani mataki na gaggawa da doka ta ba ta idan tana ganin dukiya na shirin sulalewa. Ta ƙayyade masa bashin kimanin dala biliyan 1.4 na shekarun 2004 zuwa 2018, ta fara ɗora hannu a kan kadarori ba tare da jiran matakan da aka saba bi ba. Brockman ya ƙalubalanci matakin a kotun tarayya, ya kuma shigar da ƙara a Kotun Haraji, wadda ke ba mutum damar jayayya da adadin da aka ɗora masa. Abubuwa biyu ne suka sa adadin ya kumbura haka. Idan hukuma ta tabbatar da zamba, tana iya ƙara tarar kashi 75 cikin 100 na harajin da ba a biya ba, kuma babu iyakar shekarun da za ta iya komawa baya.

Bayan rasuwarsa masu kula da dukiyar gado suka gaji ƙarar. A watan Disamba na 2025 aka bayyana cewa sun sasanta da hukumar a kan dala miliyan 750 na haraji da tara. Shari'ar ta kuma bar tasiri a majalisa: a watan Agusta na 2022 kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa ya fitar da rahoto a kan gibin da ke cikin dokar da ta wajabta wa bankunan waje bayyana asusun Amurkawa, inda ya ɗauki lamarin Brockman a matsayin babban misali.

Shari'o'i biyu da suka gabace ta

Ba wannan ne karo na farko da ciwo ya shiga irin wannan rigima a Amurka ba. A 1988 an tuhumi Harry Helmsley, attajirin gidaje da otal-otal na New York, tare da matarsa Leona, da laifin ɗora kuɗin gyaran gidansu na jihar Connecticut a kan kamfanoninsu don rage haraji. A 1989 kotu ta ce Harry, mai shekara 80, ba ya cikin halin da za a yi masa shari'a saboda raunin tunani. Leona ta fuskanci shari'ar ba tare da shi ba, aka same ta da laifin kauce wa harajin kimanin dala miliyan 1.2, aka yanke mata ɗaurin shekara huɗu, ta yi ƙasa da biyu a ciki. Harry ya rasu a 1997 ba a yi masa shari'a ba. Ciwonsa ya kare shi shi kaɗai, bai kare wadda aka tuhume su tare ba.

Ta biyun ita ce shari'ar Brockamp ta 1997, wadda sunanta ya yi kama da na Brockman amma babu dangantaka a tsakaninsu. Wani dattijo mai shekara 93 da tsufa ya ruɗa ya aika wa IRS dala 7,000, alhali ba a bin sa akasarin kuɗin. Sai bayan rasuwarsa 'yarsa ta gano, ta nemi a mayar, amma wa'adin neman mayarwa ya riga ya wuce. Kotun Ƙoli ta ce doka ba ta ba alƙalai ikon tsawaita wa'adin ba, ko da uzurin ciwo ne. A 1998 majalisa ta gyara dokar: yanzu wa'adin yana tsayawa ga wanda likita ya tabbatar ciwo ya hana shi kula da harkokin kuɗinsa, idan ciwon mai kisa ne ko mai ɗaukar aƙalla wata 12. Sai dai sassaucin ba ya aiki idan akwai mata ko miji ko wani da aka ba izinin wakiltarsa.

Inda ake bin tsarin Faransa

Dokokin Amurka ba su aiki a Yamai, Garwa ko Njamena, amma rabuwar nan tsakanin tuhumar laifi da bashin kuɗi tana nan a tsarin da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka gada. A Faransa sashe na 6 na dokar shari'ar laifuka ya ce mutuwar wanda ake tuhuma tana kashe ƙarar hukuma, kuma a watan Satumba na 2018 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta ce wajibi ne a jinkirta shari'ar wanda ciwo ya hana shi kare kansa, ko da yana da lauya. Harajin da ake bin mamaci kuwa yana shiga cikin basussukan da ake cirewa daga dukiyarsa, kamar yadda a rabon gado na Musulunci ake fara biyan bashi kafin magada su karɓi rabonsu.

A Nijar, Kamaru, Chadi, Benin da Burkina Faso, hukumar da ke karɓar lanho ita ce DGI. Hanya biyu ce a buɗe ga ɗan kasuwar da aka ɗora wa kuɗi. Idan yana ganin lissafin ba daidai ba ne, yana rubuta ƙorafi, abin da ake kira réclamation, cikin wa'adin da dokar ƙasarsa ta tsayar. Idan kuwa ya yarda da bashin amma hali ya gagara, yana iya roƙon sassauci, wato remise gracieuse, ko a raba masa biyan kashi-kashi. Hukuma ce ke da zaɓin amsawa ko ƙi, kuma an fi samun sassauci a kan tara fiye da ainihin harajin. Harajin TVA ya fi kowanne wuya, domin ana ɗaukar sa kuɗin gwamnati ne da ɗan kasuwa ya karɓa daga hannun masu saye. Wa'adin ƙorafi yana tafiya ne da kwanan watan takarda, kwanciyar asibiti ba ta tsayar da shi da kanta, haka ma rubuta ƙorafin ba ya hana a ci gaba da neman kuɗin sai an nemi dakatarwa a rubuce.

Akwai kuma abin da ya shafi siffar kasuwancin. A ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wanda ke kasuwanci da sunansa ba shi da katanga tsakanin dukiyar shago da ta gida, bashin ɗaya yana iya cin ɗayar. Dokar ƙungiyar ta yarda mutum guda ya kafa kamfanin SARL shi kaɗai, ta kuma wajabta a adana littattafan lissafi da rasitai na tsawon shekara 10. Wasu manyan 'yan kasuwar zango da na kan iyaka suna riƙe lissafinsu ne a ka, su kaɗai suka san wa ke bin su, wa suke bi, da abin da aka biya a duwan. Ranar da ciwo ya taɓa wannan kan, 'ya'ya da yaran shago ba su da abin da za su nuna wa jami'in haraji. Takardar wakilci da aka sa wa hannu tun mai dukiya yana cikin hayyacinsa tana ba wani damar amsa wasiƙun hukuma a madadinsa. Wadda aka sa wa hannu bayan tunani ya gushe kuwa, ana iya rushe ta a kotu, sai dai a nemi alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar, abin da ke ɗaukar lokaci alhali tara tana ƙaruwa.